Rangwamen Rabin Kwalba: Cutar da Ba a Kai Ƙararta

A kasuwar Caduwa, in mutum ya sayi buhun aya ya tarar an cika gindinsa da yashi da tsakuwa, ba ya kwana da abin a cikinsa. Zai ja dillali har gaban sarkin kasuwa, jama'a su taru, a zazzage buhun a bainar kowa, a mayar masa da kuɗinsa, mai ha'inci kuma ya kwashi kunyar da za ta bi shi kasuwa-kasuwa. Haka abin yake a Agye da Gazawa, haka yake a Gidan Rumji da Tsibirin Gobir. Wanda aka sayar wa akuya mai ciwo yana da wurin kai kuka, haka wadda aka auna wa gero da tiyar da aka dake wa gindi. Tsoron wannan kunya ya fi jandarma tsare ciniki a ƙasar Maraɗi, domin ɗan kasuwar da sunansa ya ɓaci, jarinsa ya karye ko da sitonsa cike yake.

Haja ɗaya ce ta kuɓuce wa wannan shari'a ta kasuwa. Ita ce jar giyar inabi da ake sayarwa a rabin kwalba, da shekara ɗauke a goshinta, ana cewa tsohuwar ajiya ce, haɗin inabi iri-iri ne daga ƙasar Turawa, kuma an yi rangwame. Wanda ya saye ta ya tarar ta yi tsami, ko ta kwantar da shi kwana biyu da ciwon kai da amai, ina zai nufa? Gaban sarkin kasuwa, wanda suke haɗa sahu da shi a masallaci? Wurin jandarma, a rubuta sunansa a takarda? A garin da kowa ya san kowa, kai ƙarar mai giya tona wa kai asiri ne. Mai sayarwa ya san haka sarai, kuma a kan wannan shiru ya gina ribarsa.

Hukuncin addini a kan giya ba ya bukatar jarida ta maimaita shi. Mafi yawan mutanen gundumomin nan uku Musulmi ne, sun san Musulunci ya haramta shanta da sayar da ita da ɗaukarta. Amma dokar Jamhuriyar Nijar ba ta hana ta ba. Tana shigowa ta hannun duwan, ana biya mata kuɗin fito da haraji na musamman da harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Ana samunta a mashayar da ke bayan tasha da shagon da ke da labule a ƙurya, a garuruwan da babbar hanya mai lamba 1 ta ratsa. Akwai masu shanta da addininsu bai hana su ba, akwai kuma waɗanda ya hana suke sha a ɓoye. Dukansu 'yan ƙasa ne, dukansu ana cutarsu. Abin tambaya a nan shi ne: hukumar da ta miƙa hannu ta karɓi harajin kwalba, me ya sa ta janye hannun idan aka zo maganar abin da ke cikin kwalbar?

Abin da ke cikin kwalbar

Ƙarya ta farko ita ce ta shekaru. An cusa wa jama'a cewa giyar inabi duk daɗewarta duk ƙara kyaunta. Masu yin ta da kansu ba su faɗi haka ba. Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya an yi ta ne don a shanye cikin 'yan shekaru kaɗan. 'Yar kaɗan ce, mai tsadar gaske, take gyaruwa da ajiya, ita ma sai an kwantar da ita a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi ke tsaye wajen digiri 12 zuwa 14 rani da damina. To, a gwada wannan da abin da kwalba ke gani kafin ta iso Agye. Ta kwana makonni cikin akwatin ƙarfe a bakin teku. Ta yi tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a bayan tirela. Tun bayan rufe iyakar Benin a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano da Gaya da yawansu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, jiran rakiya ya ƙara kwanaki. Daga nan ta sauka a sito mai rufin kwano, a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Zafi irin wannan yana dafa giyar a cikin kwalbarta, ya kumbura ta har ta tura murfi, iska ta shiga. Abin da mai shago ke kira tsufa, masu sana'ar suna kiransa lalacewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Ƙarya ta biyu tana cikin rabin kwalbar. Cikakkiyar kwalba santilita 75 take ɗauka, rabinta 37.5. Amma wuyansu kusan ɗaya ne, iskar da ke tsakanin murfi da giya kusan ɗaya ce, alhali giyar rabi ce. Saboda haka ƙaramar kwalba ta fi babba saurin tsufa da saurin mutuwa. Kowane dillalin giya a Faransa ya san wannan, shi ya sa mai son ajiya a can yake neman manyan kwalabe. Rabin kwalbar da ta shekara bakwai ko goma a sito, ita ce hajar da mai ita ya fi ƙosawa ya rabu da ita. Rangwamen da aka yi mata kuɗin share sito ne, mai saye kuwa shi ne juji.

Ƙarya ta uku ita ce ta haɗi. Haɗa inabi iri biyu ko uku ba laifi ba ne a sana'ar, har giyar Bordeaux da ta yi suna ana haɗa ta ne daga irin su Merlot da Cabernet Sauvignon. Sai dai kalmar haɗi buhu ce mai faɗin baki, tana ɗaukar abin kirki tana ɗaukar shara. Ragowar tankuna daga ƙasashe dabam-dabam ma haɗi ake ce mata. A 2018 hukumar yaƙi da ha'incin ciniki ta Faransa ta bayyana cewa an sayar da giyar Sifen da ta kai kwalba miliyan 10 da sunan ta Faransa, a cikin Faransa, a gaban masu bincike da ɗakunan gwaji. A 2014 kotun Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara 10, saboda a cikin gidansa yake gauraya giya, ya zuba a tsofaffin kwalabe, ya manna takardun jabu, ya sayar wa attajiran da ke taƙamar sun san ɗanɗano. A 1986 giyar inabin da aka gauraya da metanol ta kashe mutane a Italiya, ta makantar da wasu. In an yaudari waɗannan, yaya malamin makarantar da aka tura Gangara, wanda bai taɓa ganin kurangar inabi ba, zai gane takardar gaskiya da ta jabu a hasken fitilar mashaya?

Sai lissafin rangwamen. A ɗauka, don misali kawai, cikakkiyar kwalba sefa 4,000 ce, rabinta kuma an ce 3,000 ce amma an rage ta koma 2,500. Mai saye ya tafi yana murnar ya tsira da 500. Rabi biyu kuwa 5,000 ke nan, watau ya biya 1,000 fiye da kuɗin cikakkiya. Kowane ɗan tireda ya san wannan dabara, ita ce ta sukari a ƙulli da omo a leda: a rage awo, a rage abin da za a fitar daga aljihu yau, a ƙara riba a kan kowane awo. Wanda ya mayar da 2,500 al'adar kowane mako, a shekara ya zubar da 130,000. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar tun 2024 sefa 42,000 ne a wata. Ke nan ya sha fiye da albashin lebura na wata uku, a yankin da iyalai ke ƙidayar tiyar gero tun kafin damina ta kankama.

Kuma kada ƙanƙantar kwalbar ta ruɗi kowa. Rabin kwalba mai ƙarfin kashi 13 cikin 100 tana ɗauke da barasa daidai da babbar kwalbar biya ɗaya da rabi. Tana shiga aljihun babbar riga, tana shiga akwatin babur, ba mai gani. Wanda ya shanye ta ya hau babur ko ya riƙe sitiyari tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji, abin ya wuce tsakaninsa da Mahaliccinsa, ya shafi yaron da ke kora jaki a gefen kwalta.

Daga ina rahusar take?

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Turai ta daɗe tana yin giyar inabi fiye da yadda take sha. Tun shekarun 1980 ake kukan rarar da ta rasa masaya, kuma shan jar giya sai raguwa yake yi a Faransa. A 2023 gwamnatin Faransa ta ware yuro miliyan 200 don a janye rarar daga kasuwa a mayar da ita barasar masana'antu, aka kuma biya manoman yankin Bordeaux su tumɓuke dubban hekta na gonakin inabi. Duk hajar da masu ita ke biyan kuɗi don a halaka ta, dole abin da ya rage ya nemi ƙofar da ba a bincike. Dillalin da ya samu mai ɗauka a kowane farashi ya ci riba.

Wannan hanya tsohuwa ce. A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a Brussels kan taƙaita cinikin barasa a Afirka, a 1919 suka ƙarfafa ta da yarjejeniyar Saint-Germain. Ingila ta fake da wannan ta hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa a Arewacin Nijeriya. Amma yarjejeniyar ta tsaya ne a kan barasar da ake tacewa da wuta, ta bar giyar inabi a sake, ita ce kuwa hajar Faransa. Kafin 1962 Aljeriya, ƙasar Musulmi, ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da giyar inabi, ana kai ta Faransa a gauraya da mai rauni ta kudancin ƙasar. Kwalbar da ke kan teburin kumandan ta zama alamar wayewa ga akawu da tafinta, suka bar wa magadansu gadon. Ma'aikacin da ke biyan kuɗin tsamammiyar giya a yau don a ce ya waye, wannan tsohon bashi yake biya.

Abin lura kuma, ƙasashen da suka fi sanin giya su ne suka fi ɗaure cinikinta a gida. Faransa ta taƙaita tallarta da dokar Evin tun 1991. Sikotilan ta hana rangwamen saye da yawa a 2011, a 2018 ta tsayar da farashin da ba a halatta a sayar ƙasa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019, kuma tana lissafa tsadar farashi cikin manyan matakan rage ɓarnar. Can araha laifi ce, nan kuwa talla ce.

Masu riƙe da shirun

Kashi na farko 'yan kasuwa ne. Alhazan Maraɗi sun yi suna tun zamanin gyaɗa, suka ƙara da fiton atamfa da taba da shinkafa zuwa Nijeriya, har Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Mafi yawansu ba su taɓa katan ɗin giya ba, kuma ba za su taɓa ba. Amma katan ba ya tafiya da ƙafarsa daga bakin teku. Akwai mai tirelar da ya karɓi kuɗin dako bai tambayi abin da ke ƙarƙashin tamfol ba. Akwai mai siton da ya ba da haya ya kau da kai. Akwai wanda ya zuba jari da sunan yaronsa, ya bar wani baƙo a bakin kanta don a ce hajar baƙi ce. Ribar tana shiga aljihu ɗaya da kuɗin da ake fitar wa zakka. Sauran 'yan kasuwa sun san su, suna gaisawa da su, suna cewa a bar kaza cikin gashinta. To, kasuwar da ke tozarta mai sa yashi a aya ta kuma girmama mai sayar da ruɓaɓɓiyar giya, ma'auni biyu take awo da shi.

Kashi na biyu ma'aikatan hukuma ne. Duwan yana ƙidaya katan ya karɓi kuɗi. Mai haraji yana karɓar kuɗin lasisin mashaya. Akwai ma'aikatan tsabta, akwai na ofishin ciniki, waɗanda aikinsu ne su duba abin da ake sayar wa jama'a su ci ko su sha. Sukan tara madara da taliya da maganin da wa'adinsu ya wuce, a cinna musu wuta a gaban manyan baƙi, a ɗauki hoto. Yaushe aka ji an shiga sito an ɗauki kwalbar giya an kai gwaji, an bayyana sakamakon? Ma'aikaci yana ƙyamar a gan shi a ƙofar mashaya da rana, ko da aiki ya kai shi. Wani kuma yana tsoron mai mashayar, domin littafin bashi na ƙarshen wata yana hannunsa, sunan mai binciken yana ciki. Tun shekarun 1990, lokacin da albashi ke makara watanni, sefa kuma ta karye rabi a Janairun 1994, aka san yadda bashin kanti ke ɗaure bakin ma'aikaci. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kashi na uku su ne masu ganin maganin abin wuta ce. An gwada. A Nuwamban 2000, sa'ad da aka tayar da tarzoma kan bikin nuna tufafi na FIMA, an ƙone mashayu da ɗakunan mata masu zaman kansu a Maraɗi, aka haɗa da wurin ibadar Kirista. A Janairun 2015 an sake yi a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka, aka ƙone coci-coci da mashayu. Me aka samu? Talakawan da ke bakin kanta suka yi asara, masu jari ba su rasa ko dala ba, cinikin ya ƙara nutsewa cikin duhu inda ba mai duba shi. Darasin ƙetaren iyaka ma yana nan. Da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, Katsina ta bi a watan Agusta, mashayu da yawa suka tsallako, ƙauyen Firji da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ya yi sunan da bai nema ba. Hisbar Kano ta farfasa kwalba 240,000 a rana ɗaya a 2013, ta kuma ci gaba da farfasawa a shekarun da suka biyo baya, alamar cewa motocin ba su daina zuwa ba. Wa'azi aikin malamai ne, kuma yana shiga inda doka ba ta shiga. Ashana a hannun yaran unguwa kuwa ba ta taɓa raba kowa da kwalba ba.

Wani zai ce, mai shan giya shi ya jawo wa kansa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ba ta tsaya a kan mashayi ba. Kuɗin da ya tafi na cefanen matarsa ne da littafin ɗansa. Gadon asibitin da ya kwanta na jama'a ne. Kuma ƙofar da aka bari a buɗe don giyar inabi ita ce ƙofar da barasar leda da ta ƙananan robobi ke bi, wadda farashinta bai fi ƙarfin ɗan kabu-kabu da ɗan makaranta ba. A 2015 barasar gida mai metanol ta kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas na Nijeriya. Ƙasar da ba ta gwada abin da ke cikin kwalba, sa'a kawai take ci.

Abin da ya wajaba

Ba a bukatar sabuwar ma'aikata ko taron ƙara wa juna sani a otal. Ana bukatar shugabannin gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji su umarci ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu su yi aikin da ake biyansu dominsa. A san adadin masu lasisi a kowace gunduma, a manna jerin a ƙofar ofis inda kowa zai karanta. Duk kwalbar da ba ta ɗauke da sunan wanda ya shigo da ita da ƙasar da aka yi ta da ƙarfin barasarta, a kwashe. A riƙa ɗaukar samfuri daga sito ana kaiwa gwaji a Yamai, a bayyana abin da aka gani tare da sunan mai kayan. A hana sayar wa yara, a hana mashaya kusa da makaranta da tasha, a kuma hukunta ma'aikacin da aka samu sunansa a littafin bashin wanda yake dubawa.

Sa'an nan a tunkari ƙaramin awo da rangwame kai tsaye, domin su ne ƙugiyar. Kodebuwa ta hana barasar leda a 2016, Tanzaniya a 2017, Yuganda a 2019. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta ba masana'antu wa'adin shekara biyar tun 2018, ta fara aiwatar da hana leda da kwalaben da ba su kai mililita 200 ba a Fabrairun 2024, ko da yake an yi ta ja-in-ja a kai. Mutanen bakin iyaka sun san abin da ke biyo bayan kowace doka ta Nijeriya: hajar da aka kora daga can, nan take neman masauki. Gidan Rumji tana maƙwabtaka da Nijeriya, Gazawa ma haka. In ba a tsayar da mafi ƙanƙantar farashi da mafi ƙanƙantar awo ba, an bar ƙofa a buɗe ga duk abin da maƙwabta suka zubar.

'Yan kasuwa kuma suna da makamin da hukuma ba ta da shi. Ƙungiyar masu motocin dako tana iya cewa mambobinta su san abin da suke ɗauka. Masu sito suna iya tambaya kafin su miƙa mabuɗi. Sarkin kasuwa yana iya buɗe hanyar da wanda aka cuta zai kai kuka ta bakin amintacce ba tare da an ambaci sunansa ba, kamar yadda ake sasanta rigingimu da dama a zaure ba a kai su kotu ba. Ranar da mai sayarwa ya san cewa wanda ya cuta yana da bakin magana, ranar rangwamen ƙarya zai fara mutuwa.

Wanda ya bar giya don tsoron Allah ya huta, ya kuma hutar da iyalinsa. Wanda bai bari ba, har yanzu ɗan ƙasa ne, kuma gwamnatin da ke cin harajinsa tana da haƙƙinsa a wuyanta. Ta duba abin da ake sayar masa, ko kuwa ta fito fili ta gaya wa jama'ar Agye da Gazawa da Gidan Rumji dalilin da ya sa take karɓar kuɗin hajar da ba ta san abin da ke cikinta ba.